Sama da mutum ɗari sun fito gaba a taron falkaswa, yau ba mu ganin ashirin: ina muka kuskure?

Magatakarda_Gadarif ya rubuta:

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, iyaye da 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san wannan aiki. Ikilisiyarmu a Gadarif, gabashin Sudan, ƙarama ce: masu baftisma kamar 50, fasto ɗaya, dattawa uku, mai bishara ɗaya. Yawancin jama'a 'yan Duwatsun Nuba ne, sai mu 'yan kaɗan masu jin Hausa, kuma da Larabcin Sudan ake sujada. Tun da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023, balle bayan faɗuwar birnin Wad Madani a Disambar 2023, gari ya cika da masu gudun hijira, majami'a ma ta cika. An yi taron falkaswa (wa'azin kiran mutane ga tuba) na kwana uku, mutum sama da ɗari suka fito gaba, aka rubuta sunayensu a littafi. Wata biyu bai cika ba, waɗanda ke zuwa ba su kai 20 ba. Yanzu dattawa na so a sake wani taro bayan kaka. Me ya kamata a tanada kafin taron? Mutum nawa ake bukata don bin sawu? Me za a koya wa sababbin tuba, kuma sai yaushe za a yi musu baftisma?

Fasto_Kosti ya amsa:

Salama, ɗana. Kada ku yanke cewa tuban mutanen nan na ƙarya ne. Lissafinku ne bai fita ba. Mai bi ɗaya da ke da sana'a da iyali ba ya iya riƙe sababbin tuba fiye da huɗu ko biyar, in dai riƙo na gaske ake nufi: ya san inda suke kwana, ya je ya zauna da su, ya lura ranar da ba su zo ba. Cikin 50 ɗinku, in ka ware tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda su ma ba su kafu ba, da ƙyar za ka sami 12. Goma sha biyu sau biyar, 60. Iyakar abin da ikilisiyarku za ta iya ɗauka ke nan, shi ma sai an horar da su. Ku kuwa kun tara ɗari a kan wuyan mutum biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A fara da mako shida kafin taro. A zaɓi mutanen nan 12 da suna, fasto ya je ya roƙi kowannensu ido da ido, ba sanarwa daga bagade ba, don sanarwa masu zafin kai take jawowa, masu haƙuri su yi shiru. Mata su fi yawa a cikinsu, tun da mata sun fi fitowa gaba, kuma namiji ba zai riƙa shiga wurin matan mutane ba. Su zauna da fasto awa biyu kowane mako. Abin da za su koya ba shi da yawa: faɗin bishara cikin minti biyar da harshe mai sauƙi, sauraro ba tare da katse mutum ba, riƙe asiri, da sanin abin da ba za su yi alkawarinsa ba, wato kuɗi, aiki, takardar fita ƙasa, ko cewa ciwo zai warke gobe.

Daren taron kansa, ku bar wannan al'ada ta jera mutane a layi gaban littafi guda. Kowane mai bin sawu ya ja mutanensa gefe, su zauna kamar minti 15. Ya ɗauki sunan da ake kiran mutum da shi, harshensa na gida, inda yake kwana da alamar da za a gane wurin (wace makaranta, wane aji, kusa da wane famfo), da lambar waya biyu, don waya ɗaya gida guda ke amfani da ita, layin kuma yau akwai gobe babu. Sai babbar tambaya: me ya fito da kai? Amsar kashi huɗu take zuwa. Akwai wanda yau ne farkon ba da gaskiyarsa. Akwai wanda aka yi wa baftisma tun yana yaro, ya bar hanya, yanzu ya komo. Akwai ɗan wata ikilisiya, Katolika ko Episkofal ko Cocin Almasihu ta Sudan, wanda yaƙi ya raba da tasa. Akwai kuma wanda addu'ar ciwo ko ta ɗan'uwan da ya ɓace ya zo nema. In kun tace ɗarin nan naku, ina sa ran masu yawa na kashi na uku da na huɗu ne. Na ukun ba sababbin tuba ba ne, a sada su da limaman ɗarikarsu a gari, kada a ƙirga su, kada a sake musu baftisma. Ikilisiyoyi sun sha ɓatawa da juna a kan wannan.

Ziyarar farko kada ta wuce kwana biyu. In mako ya zagayo ba wanda ya leƙo shi, mutum kan ɗauka abin ya ƙare tun ranar da baƙon mai wa'azi ya hau mota. A makon farko kuma a fara taruwa a inda suke zaune, ƙungiya-ƙungiya, mutum 10 zuwa 12, masu bin sawu biyu a kowace. Wannan tsari tsoho ne. A 1742 a birnin Bristol na Ingila, John Wesley ya raba mutanensa aji-aji, kamar 12 a kowane, da shugaba mai ganin kowa mako-mako. Asali don tara kuɗin biyan bashin gini aka fara, sai aka ga ta nan ne ake sanin wanda ke tsaye da wanda ke tangaɗi, har ya zama ƙashin bayan ɗarikar Metodis.

Batun lokaci ku duba da kyau. Gadarif garin 'yan ƙodagon gona ne: a yanke riɗi wajen Oktoba, a shiga dawa har Janairu, daga nan a watse. In kun yi taro a ƙarshen kaka, wasu za su tafi kafin aji na uku. Ku tambayi kowa tun daren farko har yaushe yake gari. Lahadi kuma ranar aiki ce a ƙasar nan, hutu Juma'a da Asabar ne, saboda haka ajin sababbin tuba a sa shi Juma'a, a ƙara da sujadar yamma ran Lahadi don wanda maigidansa ba zai sake shi da safe ba.

Mama_Zumunta_Kasala ta amsa:

Baba Fasto ya gama maganar lissafi. Ni a kan abinci zan tsaya, don nan ikilisiyoyi suka fi faɗuwa tun da aka fara gudun hijira. In kuna rabon garin abinci ko adas (wani irin ƙaramin wake) ko sabulu, ku raba shi da aikin bishara sarai: ranarsa daban, masu rabo daban, takardar sunaye daban. A ba kowa gwargwadon bukatarsa, Musulmi da Kirista, ba a tambayi addinin kowa ba. Ran da aka yi rabo a ƙofar majami'a bayan wa'azi, abu uku ne ke biyo baya. Mai yunwa ya fito gaba don ya shiga takarda, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Maƙwabta su ce coci na sayen mutane. Tsofaffin 'yan ikilisiya, waɗanda su ma ba su ƙoshi ba, su fara jin haushin baƙi. Ko a Urushalima gunaguni a kan rabon gwauraye ne ya fara tashi, manzanni suka ware mutum bakwai don wannan aiki kaɗai, yana nan a Ayyukan Manzanni sura 6. Mai bin sawu kada ya zama mai rabo. In ya ga bukata a gida, ya kai wa kwamitin rabo.

Mace mai goyo da yara uku ba za ta zauna aji ba sai an san inda za a sa yaran. 'Yan mata biyu, tabarma biyu a inuwa, da ruwan sha, sun isa. In babu wannan za ta zo sau biyu, yaro ya yi kuka, a harare ta, ba za ku ƙara ganinta ba.

Ku sani kuma da yawa cikin matan nan baƙin ciki ne ya fito da su. Wata an kashe mijinta a gabanta, wata an yi mata abin da ba ta iya faɗa. Irin wannan ba a tsai da ta gaban jama'a a ce ta ba da shaida. Dattijuwa ɗaya mai riƙon baki ta zauna da ita, ta saurara, ko da makonni za a yi ba ta ce komai ba. In cin zarafin sabo ne, a raka ta asibiti nan da nan, don maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Kuɗi kuma, ɗana magatakarda, kai ne mai riƙe da littafi. Ana kashe baikon wata uku a hayar janareta da lasifika da kuɗin motar mai wa'azi, sai a zo ajin farko babu ko sukarin shayi. Duk abin da za ku kashe a kwana ukun taro, ku ware daidai shi don wata ukun da ke biye: gawayi, ganyen shayi, sukari, kuɗin raksha (keke mai ƙafa uku) na masu ziyara, katin waya. In kuɗin bai kai biyun ba, a rage taron. Ran Lahadi kuma ku dubi yadda ake zama. In kowace kabila ta haɗa kai a bencinta tana hira da harshenta, baƙo zai tsaya a bakin ƙofa ya koma. Mai bin sawu ya je ya taho da mutanensa da ƙafarsa, ya zauna kusa da su, aƙalla Lahadi huɗu na farko.

Malamin_Littafi_Fot_Sudan ya amsa:

Gaisuwa ga Baba Fasto da Mama. A kan abin koyarwa, kuskuren farko shi ne miƙa wa mutum Littafi Mai Tsarki a ce ya je ya karanta. Da yawa ba su iya karatu ba. Masu iyawa kuma, fassarar Van Dyck ta 1865 da ake karantawa a yawancin majami'u Larabcin littafi ne, ya yi nisa da na kasuwa. Hausawan da aka haifa a nan suna jin Hausa amma ba su saba da rubutun boko ba, don haka Littafin Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke tun 1932, a hannunsu ba ya karantuwa. Hanyar da ke aiki ita ce ta baki: a karanta ɗan guntun nassi sau biyu, malami ya maimaita shi da Larabcin Sudan ko harshen gida, sannan biyu ko uku cikin ajin su sake faɗinsa da bakinsu, sauran su gyara musu. Wanda ke da waya a zuba masa karatun murya a katin memori.

Ku ɗauki Bisharar Markus, sura 16 ce, gajera, labari na bin labari. Mako 12 sun isa a ratsa ta, awa ɗaya da rabi kowane zama. A kowane zama a haɗa da abu ɗaya na haddacewa: Addu'ar Ubangiji, Dokoki Goma, Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, kaɗan-kaɗan, da waƙa guda. Kada ku raina waƙa. Lokacin da 'yan kabilar Dinka na yankin Bor, a Sudan ta Kudu ta yanzu, suka shigo ikilisiyar Episkofal da dubbai, musamman bayan 1991, Bishop Nathaniel Garang ba shi da isassun limamai masu karatu, dole ya naɗa mutane masu ɗan sani, kuma waƙoƙin da mata da matasa suka tsara da harshensu su suka ɗauki kaso mai yawa na koyarwar. A Wolayta ta Habasha ma, da Italiya ta kori 'yan mishan na ƙungiyar SIM a 1937 masu baftisma 48 suka bari, da suka komo bayan 'yan shekaru suka tarar da dubbai, domin kowa ya koya wa na kusa da shi ɗan abin da ya sani. Wasu cikin waɗanda aka kora su suka ƙetaro Sudan suka fara aiki a cikin kabilun Maban da Uduk.

Abu biyu za su taso a ajin, ku shirya musu tun yanzu. Na ɗaya layu da kayan tsafi. Kada a tara jama'a a ƙone wa mutum kayansa a daren da ya tuba. In tsoron abin bai fita daga zuciyarsa ba, yaro na yin zazzaɓi zai ce ga sakamako, ya koma wurin boka a ɓoye. A koya masa tukuna, shi da kansa zai kawo. Na biyu mai mace fiye da ɗaya. Ku tambayi shugabannin ɗarikarku matsayinsu kafin taro, don kada dattijo ɗaya ya ce kaza wani ya ce kaza, kuma ko ta yaya ba a cewa mutum ya kori mace da 'ya'yanta cikin wannan yunwa.

Wani abin da ke lalata sabon tuba shi ne saurin ɗora shi a gaba. Ikilisiya mai ƙarancin hannu, da ta ga saurayi mai baki da karatu, sai ta ba shi wa'azi ko jakar kuɗi cikin wata biyu. Bulus ya hana wannan a 1 Timoti 3:6. A ba shi aiki, i, amma na shimfiɗa tabarma, ɗebo ruwa, raka mai ziyara. Baftisma a ganina bayan an gama mako 12, dattawa biyu su zauna da mutum, su ji daga bakinsa, su tambayi mai bin sawunsa yadda zamansa yake a gida. In da shakka a ƙara wata uku.

Mai_bishara_Damazin ya amsa:

Malam, na yarda da kai a kan koyarwa, amma a kan jinkirta baftisma ina da ja. Tsarin wata uku zuwa shida na mutanen da ke zaune a garinsu ne. Wanda ke kwana a ajin makaranta, gobe ana iya kwashe shi zuwa wani sansani, ko ya ji hanyar gida ta buɗe ya tafi. In an ce ya jira, zai isa wani wuri ba shi da baftisma, ba shi da takarda, ba wanda ya san shi, ya koma farko. Filibus bai jinkirta wa mutumin Habasha ba, Bulus ma bai jinkirta wa mai tsaron kurkukun Filibi ba. Wanda ya halarci zama shida a jere, ya iya faɗin abin da ya gaskata da bakinsa, kuma aka tabbata ba don rabo ya zo ba, a yi masa, a ci gaba da ajin bayan baftisma. Sharaɗin dai kada ajin ya mutu ranar da aka fito daga ruwa, wanda shi ne abin da aka saba.

Ruwan ma a kula. Da aka shelanta ɓarkewar kwalara a Agustan 2024, Kasala da Gadarif sun kasance cikin wuraren da ta fi taɓawa, magudanan ban-ruwa kuma tsargiya ce a cikinsu. Kada a kai mutane kududdufi ko hafir (ramin tara ruwan sama). A sami tanki ko a gina ɗan kwami da siminti wanda mutum zai durƙusa ruwa ya rufe shi, a cika da ruwan famfo, a sa ƙwayar kulorin yadda ma'aikatan lafiya suka nuna, a jira minti 30 kafin a shiga. Mai gudawa ko buɗaɗɗen miki a ɗaga masa zuwa wani lokaci. In mutane sun yi yawa a raba su kwana biyu a canja ruwa.

Kowa a ba shi katin baftisma a hannu ranar, da sunan ikilisiya, kwanan wata da sa hannun fasto, a naɗe cikin leda. Rajista kuma kofi biyu, a ajiye a gidaje daban-daban. Wanda zai tashi a rubuta masa wasiƙar gabatarwa, in da hali a buga wa faston inda za shi waya tun bai hau mota ba.

Dattijo_Umdurman ya amsa:

'Ya'yana, duk abin da aka faɗa daidai ne ga wanda ya fito daga gidan Kirista ko na gargajiya. Wanda ya fito daga gidan Musulmi hanyarsa daban ce, kuma sakacin ikilisiya na iya jawo masa abin da ba za ta iya gyarawa ba. Gaskiya ne a Yulin 2020 an soke sashe na 126 na dokar laifuka ta 1991, mai hukunta ridda, wanda a ƙarƙashinsa aka yanke wa Maryam Ibrahim hukuncin kisa a 2014 kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta. Amma ko a 2022 an kama wasu samari a Zalinje ta Darfur da wannan tuhuma, daga baya aka kori ƙarar. Dokar iyali ta Musulmi kuma tana nan, ita ke hukunta aure da gado da riƙon 'ya'ya. Dole a gaya wa mutum wannan a fili tun farko, ya san abin da yake ɗauka, ya yanke da kansa ba tare da an tura shi ba. Ba a kiran irinsa gaba, ba a sa sunansa a littafin taro. Mutum ɗaya natsattse ya riƙa ganinsa, baftismarsa kuma ba a gaggauta ta, a nan ina tare da Malam. Kada a zuga shi ya bar gidansu ko ya raina iyayensa. Wanda bai kai shekara 18 ba, ba a sa shi aji sai da yardar iyaye, ko daga wane gida ya fito.

Hoto da bidiyo a hana su gaba ɗaya lokacin da mutane ke fitowa gaba da lokacin baftisma. Matasa kan ɗora a Facebook da WhatsApp don murna, masu tallafi daga waje ma suna son ganin fuskoki. Ku ba su adadi, kada ku ba su fuska. Takardar sunaye kada ta zauna a waya, ana bincika wayoyi a shingayen hanya.

Taron a yi shi cikin harabar majami'a, a sanar da hukuma da manyan unguwa tun da wuri, lasifika a juya ta ciki. Baƙon mai wa'azi a zauna da shi kafin ya hau bagade, a gaya masa ba a zagin addinin kowa a nan. Shi zai tafi, ku za ku zauna. Hausawan ƙasar nan, daga Maiwurno har Gadarif da Kasala, kusan dukansu Musulmi ne, maƙwabtanmu ne, wasu danginmu, kuma tun rikicin kabilanci da ya shafi Hausawa a jihar Bulu Nayil a Yulin 2022 kowa ya ga yadda jita-jita guda ke tada gari.

Magatakarda_Gadarif ya sake rubutawa:

Na gode, iyayena, Ubangiji ya sa albarka. Zan karanta wa dattawa duka. Saura tambaya ɗaya: waɗannan 80 da suka ɓace mana, lokaci ya ƙure ne, ko a neme su?

Fasto_Kosti ya amsa:

A neme su, kuma kafin a sa ranar wani taro. Ku raba sunayen littafin unguwa-unguwa, ku fita biyu-biyu, mace da mace, namiji da namiji, kowane biyu suna goma cikin mako uku. Da yamma ake samun mutane, bayan la'asar. Kada a tambayi kowa me ya hana shi zuwa. A gaishe shi, a ce an yi jinkirin zuwa, a tambayi lafiyar gida, a yi masa tambayar nan ta kashi huɗu da ba a yi a daren taro ba. Wanda ya bar gari a ja layi a sunansa, ɗan wata ɗarika a raka shi wurin nasa. Waɗanda suka rage ku buɗe musu aji Juma'ar da ke biye, ko su takwas ne. Mutanen da suka yi wannan zagaye ba su gaji ba, su ne 12 ɗin da za ku horar. Adadinsu ku ninka sau biyar, ku kai wa dattawa, da shi za a yanke girman taro na gaba.